Ranar da Kaka Ta Tone Kumandan

Ba zan rantse da kowace kalma ta labarin nan ba. Shekaruna ba su fi tara ba lokacin da na fara jin sa, kuma Kaka Dije ba ta taɓa ba da shi iri ɗaya sau biyu ba. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne wurin: ƙofar ɗakinta a gidanmu na Filinge, bayan gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara saukowa. Mukan hura wutar kara bayan tuwon dare, mu binne gyaɗa a toka, mu zauna mu takwas ko tara. A lokacin Faransawa na nan, gardi kan bi ƙauyuka neman lanho, wato haraji.

Idan muka ce, "Ta zo mu ji ta," a wasu ranakun sai ta girgiza kai. "Wagga ba zowa tay yi ba. Ni nat tahi wurinta da ƙahwata." Daga nan mun san labarin tsibiri za a yi.

Bayan rasuwar kakanmu, ta yi wa wani Kumandan, Baturen mulki na ƙasar Kurfai, renon ɗiyarsa. Da lokacin konjensa ya yi, wato hutun da ake ba manyan ma'aikata, yarinyar ta ƙi rabuwa da Kaka, sai aka tafi da ita. A wurinmu an san tafiya: maza kan je Kumasi ci-rani su dawo da akwati, masu hali su tafi Makka. Konje kuwa sai da ta fassara mana. "Tahiya ce wadda ba ka sayen komi, ba ka saida komi, ba ka gaida maras lahiya. Ka kashe dukiya ka kai kanka nesa, ka kwanta."

Mota zuwa Yamai, wata motar da jirgin ƙasa zuwa Kwatano, sannan jirgin ruwa na makonni. Tsibirin tana kiran sa Korso. Ina zaton Korsika ce, ko da yake na duba taswira na ga akwai wasu a kusa, don haka ba zan dage ba. Ta ce garin tsoho ne, gidajen dutse sun hau kan juna bisa tsauni, ga ganuwa, ga ruwa shuɗi ta ko'ina. Muka tambaye ta ko da kyau.

"Da kyau mana. Amma ruwa har iyakar ido, ba ka iya ba akuya ko ludayi guda."

Ba kyan garin ya dame ta ba. Tun a jirgi Madam, matar Kumandan, ta ce ita da zafin Filinge har abada. A tsibirin kuma babu wanda ya taɓa jin sunan garinmu. Kaka ta gwada wani mai sayar da kifi, ta ce masa "Hilinge?" ya miƙo mata kifi. Mutum ɗaya, Kumandan, ya san hanyar gida, shi ke riƙe da takardu kuma. Idan wani abu ya same shi, a can za ta tsufa, a can za ta mutu, ba mai yi mata wanka ko salla. Don haka ta sa masa ido. Idan ya yi tari, ta kawo ruwan zafi. Idan ya shiga teku, ta tsaya a gefe tana salati har ya fito.

Wata rana da hantsi ta koma gida ɗauko hular yarinya. Da ta dawo bakin ruwa, sai ta ga ƴaƴan ƴan'uwan Kumandan durƙushe suna tura rairayi. Kumandan na kwance, an rufe shi har wuya, ido a rufe, baki a buɗe. Madam na zaune a inuwa tana karatu.

"Nic ce, ashe haka suka yi. Ba wanka, ba likkahwani, yara ka ginar kabari, mata ko hawaye babu."

Ta yar da hula, ta watsa yaran, ta faɗa da hannu biyu tana tono kamar mai neman ruwa a kwari. Da ta kai kafaɗa ta kama kunnuwansa ta ja. Ta ɗauki bokitin wasan yara ta sheƙa masa ruwan gishiri a fuska, tana cewa da Hausa, "Tashi ka maishe ni inda ka ɗauko ni, sannan ka mutu." A nan kullum muke faɗuwa da dariya, ƙanwata har takan shaƙe da gyaɗa. Wannan fa mutumin da sarakuna ke cire masa takalmi.

Ya farka yana tari, yana zagi. Kaka ba ta saki hannunsa ba. Da ɗan Faransancinta na kicin ta ce ba za ta ƙara kwana ba sai takardar komawarta na hannunta. Uwarsa, wata ƴar tsohuwa mai baƙaƙen kaya, ta gama dariya ta daka masa tsawa, sai ya lalubi aljihun rigarsa ya ba Kaka takarda. Ta ɗinke ta cikin fata ta rataya a wuya. Bayan wata shida ta sauka Filinge lafiya, ba tare da Madam ba.

A shekarata ta huɗu a lakwal, wato makarantar boko, wani dare bayan labarin, ta warware ɗinkin ta miƙo mini. "Maigida, an ce kana karatun Nasara. Karanta muna abin da yad dawo da ni."

Na matsa kusa da wuta. Takardar gidan abinci ce. Miyar kifi, soyayyen kifi, gasasshen kifi, da farashinsu. Kowa ya zuba mini ido. A lakwal an koya mana cewa ƙarya ita ce babban laifi, kuma ni yaro ne mai tsoron laifi. Na ce, "An rubuta a kai mai wannan takarda Filinge."

"Shi ke nan? Duk wanga rubutu?"

"Sauran sunayen garuruwan hanya ne."

"Hwaɗa su mu ji."

Na karanta mata sunayen kifayen nan ɗaya bayan ɗaya, da Faransanci. Tana gyaɗa kai. A na uku ta ce, "Nan mun kwana. Ƙuma gare su." A na biyar ta ce mutanen can ba su da kirki.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ƙaryar farko da na yi da ilimina, kuma ta dame ni fiye da yadda ya kamata. Ko da na gama jami'a, aiki ya kai ni garuruwan bakin teku, nakan taɓa aljihu sau goma a yini don in ji tikitina na nan, in tuna da ita da tausayi: ta yi wata shida tana barci a kan alkawarin da ba a rubuta ba. Sai daga baya, ina ninke takardar don in adana ta bayan rasuwarta, na lura da abin da tsoro ya hana ni gani a daren. A samanta akwai zanen kifi, babba, da wutsiyarsa da idonsa. Kaka ba ta iya karatu ba, amma ta fere kifi a tsibirin nan wata shida.

Ba zan ce ta sani ba, don ban tambaye ta ba. Watakila ta san ba takarda ta dawo da ita ba, tsoron da Kumandan ke yi na a sake jan kunnensa a gaban uwarsa ne. Watakila kuma ni take gwadawa, ta ga ko lakwal ta bar mini sauran hankali. Idan haka ne, ina zaton na ci. Wannan ce jarrabawa ɗaya da ban taɓa ganin sakamakonta ba.