Baba Idi da Yafiyar da Ta Rage

Ina cikin aji ranar Talata ƙanena Sani ya kira ni, ya ce Baba ya faɗi a ƙofar siton da yake gadi a unguwar Mahjar. Kafin in samu mota an riga an rufe masa fuska. Mutumin da ya yi mini faɗa da safe don na bar fanka a kunne.

Baba Idi soja ne a Cadi kafin ya zo umara ya zauna. Iyakar saninmu ke nan. Ni da na yi digiri a tarihi ban taɓa tambayar mahaifina ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. In an kawo zancen sai ya ce, "Kaki dai kaki ne, wanki yake so, halas, shi ke nan." Kullum takalmansa a goge, kuma ba ya zama ya ba ƙofa baya. Duk Juma'a sai an kai tuwo unguwar Waziriyya, gidan Malam Haruna, wani tsoho ɗan garinsu. Mun ɗauka zumunci ne.

Da aka ajiye gawa, liman ya roƙi jama'a su yafe masa. Sani ya ce kowa ya amsa, ban da Malam Haruna.

Ranar uku tsohon ya tsaya bayan labulen mata ya sa aka kira ni. Ya ce Baba na cikin sojojin da suka fitar da sarkin garinsu daga fada. Daga baya Baba ya bi 'yan tawaye daji. Da aka mai da sarkin, sai ga Baba cikin masu rakiya da sabon kaki. Amma ranar da aka fitar da sarki, dogarin ƙofa ya ƙi matsawa, Baba ya harbe shi. Dogarin nan Musa ne, yayan Malam Haruna.

Na tambaye shi ko Baba ya taɓa neman gafararsa.

"Tuwo yake aikowa, 'yata. Shekara ashirin ina ci, ina jira ya buɗe baki."

Na durƙusa na roƙe shi a madadin Baba. Ya ce zai je Makka ya duba zuciyarsa a can. Har yau bai kawo amsa ba, ni kuma ba ni da bakin da zan matsa masa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sassauta masa tambaya. Ya jiƙan Musa da ya tsaya a ƙofa. Ya sanyaya zuciyar Malam Haruna. Ya ba Inna haƙuri, ita da har yanzu na kasa gaya mata.