Agogon da Aka Ce Jabu Ne

Shekarun baya, kada ku tambaye ni wace shekara, ni ba da kalanda nake lissafi ba. An dai riga an hana acaɓa a Kano, A Daidaita Sahu ta cika titin Zariya, kuma daminar ce ruwa ya kwantar da katangar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Da kakar shekarar na aurar da jikata, wadda na riƙa tun daga yaye.

Angon nas ne a asibitin koyarwa. Gidansu a Tarauni yake, gidan 'yan boko tun daga Alhaji babansu har autarsu, kuma a cikin gidan aka ware wa amarya sashenta. Ni kuwa ban taɓa taka aji ba. Amma na rantse babu mai shiga ɗakin yarinyar nan ya gane tsohuwar da ba ta yi makaranta ba ce ta yi mata kaya.

Abin da na fi ji da shi a kayan shi ne agogon bango. A Madina na saye shi, na rungumo shi a cinya har Kano don kada a danne shi, na tura shi ƙarƙashin gado shekara shida yana jiran wannan rana. Lambobinsa ne suka sa na zaɓe shi. Ba irin na boko masu lanƙwashe-lanƙwashe ba ne, sanduna ne a tsaye. Sanda ɗaya ƙarfe ɗaya, biyu ƙarfe biyu, uku uku, huɗu huɗu. Daga nan sai wata mai kama da wuyan riga, can sama kuma wasu a gicciye. Na ce wannan ko ni na karanta.

Ranar jere, mun gama kafa gado, na sa aka buga ƙusa aka rataye shi. Sai ga yayar ango ta kawo mana abinci. Malamar makaranta ce, mai fara'a, sai dai ba ta iya ganin kuskure ta wuce. Ta yaba labule, ta yaba kujeru, ta ɗaga kai ta ga agogon.

"Inna, an cuce ki a agogon nan. Jabu ne."

Ta ce waɗannan lambobin Rumawa ne, kuma ba a rubuta huɗu da sanda huɗu. Sanda ɗaya ake sawa a gaban mai wuyan rigar, a yi IV, wato biyar ba ɗaya. Wanda ya zana IIII, in ji ta, ko aji uku bai gama ba, da ɗalibinta ne da ya sha jan biro. Matan da ke wurin suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ƙanwata ta matso ta raɗa mini cewa ranar Lahadi fa danginsu kaf za su zo ganin ɗaki, kuma duk masu karatu ne.

Na ɗaure fuska na ce agogon da ya fito daga Madina ba ya zama jabu a Tarauni. Baki ne kawai. Tsoro ya riga ya kama ni. Ba don ni ba, don yarinyar: a shekara ana nuna bangon ɗakinta ana cewa ga tsarabar kakarta. Da za mu tafi na sa aka sauke shi, na ce batir zan sa a canza.

Washegari da hantsi na naɗe shi a zani na nufi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a bakin titin unguwarmu. Teburinsa mai gilashi ne, kullum da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya. Na rage murya na ce ya kankare mini sandunan nan huɗu, ya zana irin na makaranta, kuma kada kowa ya ji.

Ya buɗe, ya juya shi, ya kara a kunne. Ya ce, "Hajiya, ko me za ki ba ni ba zan ɓata wannan agogo ba."

Ya shiga jero mini agoguna a kan tebur, na hannu da na bango, tsofaffi masu nauyi, ya ce in ƙirga da kaina. Na bi su da yatsa. Kusan duka sanda huɗu. Ya ce malamar ba ta yi ƙarya ba, a littafi haka ake rubutawa, amma masu ƙera agogo tun da can nasu daban ne. Na tambayi dalili, ya ce shi ma ji ya yi: wasu na cewa don gefen huɗu ya yi nauyi daidai da gefen takwas, wasu na cewa don mutanen da ba su yi karatu ba su gane. Na ce to ka ga, don ni aka yi.

Ya tambaye ni wace malama ce. Da na kwatanta masa gidan sai ya cire madubin idonsa ya yi ta dariya har da tari. Ashe babban agogon da ke falon Alhajinsu, shi yake zuwa duk shekara ya zuba masa mai.

Ranar Lahadi tun da safe na mayar da agogona kan ƙusarsa. Kaka ce ni, babu mai hana ni zama, na shimfiɗa darduma a ƙarƙashinsa. Na tanadi maganganu masu zafi, har na jera su a raina. Da ɗaki ya cika, malama ta shigo, ta duba bango, ta ce a hankali ashe ba a samu canzawa ba.

"Malama, falon Alhaji taku nawa ne daga nan? Taimaka ki je ki ƙirgo mini sandunan ƙarfe huɗu na agogonsa. Ni ban yi makaranta ba."

Ta fita, mata biyu suka bi ta. Ba su daɗe ba muka jiyo shewa daga tsakar gida. Ta dawo tana rufe fuska da mayafi, ta durƙusa a gabana tana dariya, ta ɗaga yatsu huɗu. Ta ce da agogon nan aka tashe ta makaranta tun tana firamare, ba ta taɓa ƙirgawa ba. Ganin ta a durƙushe, duk maganganun da na tanada suka bi iska. Cewa kawai na yi ta tashi ta zubo mini waina. Ranar kowa ya shigo sai an nuna masa agogon amarya an sa shi ƙirge.

Daga baya ita ta koya mini sauran, har na gane tara ma goma ce ba ɗaya. Na ce mata Rumawan nan dai raguna ne, da ƙirge ya yi tsawo sai su fara ragi.

Har yau in na tuna nakan yi wa kaina dariya. Na fi kowa cika baki a ɗakin nan, amma magana ɗaya daga mai karatu ta sa na ƙaryata abin da idona ya gani, yatsana ya ƙirga. Da dattijon nan mai biye wa mutane ne, da hannuna zan mayar da agogo mai kyau jabu.

Mai gyaran agogo ya rasu, Alhaji ya rasu, ƙanwata ma ta bi su bara, Allah Ya jiƙansu. Saura ni da jikata, mai 'ya'ya uku yanzu, sai malama, wadda ta zama shugabar makaranta. Shekara da shekaru tana ba mutane labari cewa Inna ko gezau ba ta yi ba. To malama, yau kin ji inda aka kai batir.