Garin Rogo a Cikin Kafso

Ni tela ne a kasuwar Boɗinga kafin in lalace. Lokacin mulkin farar hula, da aka shiga tsuke bakin aljihu, ɗinki ya tsaya cak, magani kuma ya yi wuya a asibiti. Sai wani ɗan tireda ya ba ni kwalin kafso in riƙa sayar masa ranar kasuwar Shagari.

Yara, ku san halin mutanenmu. Ba su tambayar sunan magani, launinsa suke kira: "Ba ni ja-da-rawaya." Kuma ɓare shi suke yi su barbaɗa a kan rauni. Zuciya ta ce mini ai kwanso suke saye. Na fara rage garin ciki ina cikawa da garin rogo da ɗan kurkum don ya yi rawaya. Tafi-tafi, ko ƙurar magani babu.

Malam Buba, mai noman albasa a fadamar Danchadi, fartanya ta sare shi a ƙafa. Ya ɗingiso wurina ya ɗauki kafso ya ce, "Tela, wanga na da kyau?" Na rantse masa da Allah. Ya yi ta barbaɗawa har ƙafar ta ruɓe, aka kai shi Sakkwato aka yanke ta.

Likita ya ga ragowar kafson a aljihunsa, ya sanar da masu duba magunguna. Wata ma'aikaciyarsu ta zo rumfata da ɗan sanda. Ta ɓare kafso ɗaya a faranti a gaban jama'a, ta ɗiga masa ruwan aidin na wanke rauni. Wallahi ina kallo garin ya koma baƙi ƙirin! Ta ce, "Haka rogo yake yi." Ta ce maganin gaske ba ya barin masana'anta sai an gwada shi, an sa masa lamba da ranar lalacewa. Ni da nake zaton Allah kaɗai ke ganin cikin kwanso, ashe Ya ba bayinSa hanyar gani.

Na yi zaman kaso mai tsawo. Da aka sake ni ban tafi gida ba, Danchadi na nufa. Na iske Malam Buba zaune bakin garka, sanda a gefensa. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Tashi, Tela. Tun kana can niy yahe maka. Amma ɗauki ƙwaryar ga ka ba albasa ruwa, ni ba ni iya sauka."

Na sha duka a kurkuku ban yi kuka ba, ranar na yi. Har yau girman zuciyar bawan Allahn nan yana ba ni tsoro.

Don haka, 'ya'yana, kada yunwa ta sa ku taɓa maganin mutane. Ni an yafe mini, amma ƙafar ba ta dawo ba.