Sandunan Gadon Aurena

Ƙwal. Ƙwal. Ina tsakar gida ina tankaɗe na jiyo ƙarar daga ɗakina. Na leƙa, sai ga Malam, maigidana, tsaye gaban gadon aurena, yana ƙwanƙwasa sandar rumfarsa da makulli, ya kasa kunne kamar mai sayen tukunya.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Ƙarfen zamanin da ke nan. Yanzu ina za a samu irinsa?"

Tunda aka kawo ni gidan bai taɓa yabon gadon nan ba, kullum cewa yake ya fiye kuka. Nan na san da magana.

Lokacin muna zaune a Yako, shi yana koyarwa a Dangora, da sassafe yake ficewa. 'Yarmu ta fari, wadda har yau kunya ba ta bari in kama sunanta, shan inna ya taɓa mata ƙafafu tun tana rarrafe. Ni nake goya ta zuwa makaranta, in koma in ɗauko ta. Ta yi tsawo har ƙafafunta na dukan ƙwaurina, yara suka laƙaba mata jaririyar aji uku. Rannan ta ajiye jakarta ta ce in dai a goye ne, ita ta gama boko.

Shi ne Malam ya yi rantsuwar sai ya haɗa mata keke mai ƙafa uku. Ya tsinto tayoyin baya daga matattun kekuna, ya yanko kujera daga benci, ya samo batirin mota da ɗan injin nan mai kaɗa abin goge gilashi. Ya ce saura fok. Ni kuwa da na yi sakandare na san fok cokali mai yatsu ne, na ce ya ɗauki na cikin kwabet, dama ba mai ci da shi. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ashe ƙarfen nan ne mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Na keke ya yi wa tayarsa kaɗan, don ta babur ce. Wanda ya fara yi da tsohon bututun ruwa, yana hawa gwaji ya baje kamar raƙumi zai sha ruwa.

Shi ya kawo mu kan gadona.

Gyaɗar shekara guda Babanmu ya sayar ya saya mini shi, kore ne da zanen furanni. Innarmu kuma duk zuwanta sai ta shafa shi kafin ta amsa gaisuwata. Da Malam ya nemi ya yanki sandunan rumfar, na ce a'a. Na yi sallar la'asar ina cewa a'a a raina, har na rasa ko raka'a ta nawa nake. Ina sallamewa na hangi yarinyar a bakin zaure, tana kallon ƙawayenta suna wucewa Islamiyya, ta noƙe bayan ƙyaure kada su gan ta. Na yi istigfari, na ɗauko zarto na miƙa wa Malam da hannuna.

"Biyu kawai. Na wajen ƙafa."

Ya kai wa mai walda a Kiru, ya kafe sai an kafa su a tsaye cak, yadda suke a jikin gado. Ranar gwaji ya hau da babbar rigarsa, ya haɗa waya da batir. Tayar gaba ta hau rawa, dama, hagu, dama, ta yi gaban kanta cikin dangar maƙwabta. Kaji suka watse. Na fito ina salati, dariya na cina, na toshe baki da mayafi.

"Ba dariya nake ba, Malam, tari ne."

"Allah ya sawwaƙe tarin," in ji shi, yana zare karan dawa daga wuyan riga.

Da ya koma Kiru, mai waldar ya ce, "Malam, na faɗa maka ƙarfen nan ba shi da ladabi. Sai ya ɗan rusuna gaba, kamar amarya gaban surukai, sannan taya za ta bi hanya." Suka ɗura wa sandunan yashi, suka gasa, suka lanƙwasa bakinsu. Fentin duk ya ƙone, sai fure ɗaya da ya tsira a hagu.

Ana cikin haka Inna ta zo. Ta tarar da gidan sauro ya karkace kamar rumfar da iska ta buga. Ta dubi gadon, ta dubi keken, ta dubi jikarta tana goge furen nan da gefen zaninta. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

"Da kun tambaya," in ji ta, "ai nawa ya fi kauri."

Ranar Litinin yarinyar ta hau. Gudun keken bai wuce na tsohuwa mai zuwa barka ba, amma tayar ta miƙe sak. Na biyo ta ina karanto duk addu'ar da na sani, ban ma lura zanin goyo na kafaɗata ba. Daidai gindin tsamiya ta tsaya, ta waiwayo, ta kalli zanin.

"Umma, ki koma gida. Yau gadonki ne zai goya ni."