Rigar Lamba Shida

Shekarar da ƙungiyar unguwarmu ta sha kashi sau huɗu a jere a gasar hutun damina, babu ranar da aka tashi lafiya a teburin mahautan layinmu a New Bell. Ni tela ne, shagona yana kallon teburin, kuma Allah ya yi ni da saurin fushi da tsawon baki. Da na ji an ambaci tsakiyar fili sai in bar ɗinki a bakin allura in tsallaka kwata.

Abin da ke tsallakar da ni, ƙanina ne ke buga lamba shida. Ɗan acaɓa ne, abin da a Douala muke cewa bensikin, kuma ban da wannan rigar babu abin da yake taƙama da shi a duniya. Shida shi ne mai tsayawa a gaban 'yan baya ya tare hari kafin ya iso su. To shi nasa salon daban ne. Ba ya zamiya, ba ya sa wa mutum ƙafa. Yana karanta inda za a aika ƙwallo ya riga ta zuwa, ya karɓa a tsanake ya miƙa wa na kusa. Sai ya fito daga wasa wandonsa fes, a filin da ruwan Agusta ya dama kamar kunu. Wannan tsabtar wandon ita ce laifinsa a wurin mutanenmu.

A ƙungiyarmu koci suna kawai gare shi. Rigunan wasa suna cikin akwati a rumfar babban mahaucin layin, wanda kowa ke kira Alhaji. Ranar wasa bayan azahar shi ke buɗe akwatin ya miƙa wa kowa tasa, kuma abin da majalisar teburin ta tsayar cikin mako shi yake bi. Wanda ya faɗi a bakin teburin nan, ranar Lahadi a bayan igiya zai tsaya tare da 'yan kallo.

Wata Laraba Alhaji ya jera yankan nama goma sha ɗaya a kan katako, yana tura su da tsinin wuƙa. Ya ce shida aikin mahauci ne, in lamba goma ta abokan gaba ba ta ji tsoronka tun farkon wasa ba, to an gama da ku. Wani direban tirela mutumin Garoua ya ce sam, ba shida ba ce matsalar, takwas da goma ne ba sa dawowa, sun bar mutum ɗaya yana gadin ƙofa uku. Shi a ganinsa a sa shida biyu a rage ɗan gaba ɗaya. Na ce wallahi gaskiyarsa, duk cikinsu shi kaɗai ke kallon wasa da ido. Sai wani ɗan kasuwa da bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, mai sayar da takalma, ya ce a ba wani ƙaton ɗan dako rigar, wanda duk unguwa ta san shi da karya mutane. Ya ƙara da cewa ƙanina kuma a sa masa lalle a kai shi gidan biki, can wandonsa zai fi kyau.

Ban san lokacin da na ɗauki kwanon yaji na watsa masa a fuska ba. Yana murzar ido yana ihu ya kawo mini karo, goshinsa ya fasa mini leɓe. Muka kife da benci, na hau ruwan cikinsa ina duka, shi kuma ya shaƙe ni da wuyan rigata har na fara ganin duhu. Sai da mutum huɗu suka ɓamɓare mu. Alhaji ya kafa wuƙarsa a katako ya yanke magana. Ya ce Lahadi ce ta ƙarshe, in shida ya sake fitowa da farin wando rigar ta ɗan dako ce.

Na sami ƙanina a ƙofar gida yana wanke mashin. Ya ga bakina, ya ajiye soso, ya tambayi wanda ya yi mini haka. Na gaya masa komai, har maganar lallen ban rage ba, don so nake ta ƙona shi kamar yadda ta ƙona ni.

Ya ce, "Yaya, ni ƙwallo nake bi, ba mutum ba."

Na ce, "Sau ɗaya tak. Ka shiga wa mutum sau ɗaya su ji ƙara, su rufe mana baki. Dubi abin da na sha saboda kai."

Ya ɗauki sosonsa ya ci gaba da goge taya.

Ranar Lahadi da 'yan unguwar Youpwé muka kara, masunta da masu dakon kifi, sun cika motoci biyu da ganguna. Lamba gomarsu wani siriri ne bahago, ƙwallo tana bin ƙafarsa kamar an ɗinke ta a jiki. Amma har aka tafi hutu bai yi komai ba. Duk inda ya juya ƙanina yana can ya riga shi, ba tare da ya taɓa shi ba. Babu wanda ya ci wani, kuma mun daɗe ba mu kai hutu ba a zura mana ba. Ka san abin da mutanenmu ke rerawa a bakin igiya? Mai farin wando, mai farin wando. Mai takalman nan shi ke ba da baiti, idonsa har lokacin ja.

Da aka dawo, kunya ta hau mini kai. Na kutsa har jikin igiya na ƙwala wa ƙanina kira, na nuna masa leɓena da yatsa. Ya dube ni, na ga ya gani. Ba a daɗe ba bahagon ya karɓi ƙwallo a tsakiya ya ba ƙanina baya. Ƙanina ya taho a guje ya zame da ƙafa biyu. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an karya rake a gwiwa. Mutumin ya faɗi yana birgima, ƙashin ƙwaurinsa ya huda safa ya fito fari.

Kafin alƙalin wasa ya kai hannu aljihu 'yan Youpwé sun tsinke igiya. Suka ɓalle katakon benci, wasu da kwalabe, wasu da duwatsu. Namu ma suka afka. Kowa na gudu ko na duka, shi kuwa ƙanina yana tsaye a kan mutumin ya ɗora hannu a ka, bai ko motsa ba. A nan suka same shi. Katako na farko ya sauka a kafaɗarsa, na biyu a baki, ya durƙusa suka rufe shi da ƙafa. Na faɗa cikinsu ina cizo ina naushi, wani ya fasa mini kwalba a ƙeya. Na kwanta a kansa jinina yana zuba a wuyansa, har 'yan sanda suka iso da barkonon tsohuwa. Mun fito da shi ƙashin kafaɗarsa a karye, haƙora uku babu.

Washegari na je teburin da bandeji a kai. Alhaji ya taso ya dafa ni, ya ce yanzu unguwa ta yi shida, rigar ta ƙanina ce har ya gaji. Mai takalma ma ya miƙo mini hannu. Direban tirela kaɗai ya tashi ya bar wurin. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi a ranar, har tsire na ci da fasasshen bakina.

Bayan mako biyu ƙanina ya ce in kai shi Youpwé. Hannunsa a rataye yake, don haka ni na tuƙa mashin ɗin yana baya. Muka yi ta tambaya a bakin ruwa har aka nuna mana ɗakin katakon bahagon nan a bayan masu ƙyafe kifi. Matar mutumin ta tare ƙofa tana zaginmu da Faransanci, ta ce wa zai ɗauki kwandon kifi da ƙafa ɗaya ya ciyar da su. Daga ciki mijin ya ce ta bar mu. Yana kwance a tabarma, ƙafar a ɗaure har cinya. Ƙanina ya tsuguna ya ba shi haƙuri. Mutumin ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Duk cikinku kai kaɗai ka iya ƙwallo. Rabin wasa ka hana ni numfashi, ko rigata ba ka taɓa ba. Me ya kai ka?"

Ƙanina ya juyo a hankali ya dube ni, mutumin ma ya bi idonsa ya dube ni. Ni mai bakin da ya gagari teburin mahauta, na tsaya ina juya makullin mashin a hannu.