Ni da Surukina a Kujerun Gaba

Litinin: Samaru zuwa Sabon Gari

Ƙarfe biyar da kwata, muna idar da sallar asuba, Bitrus ya danna mini hon a ƙofar gida. Maƙwabcina ne a Samaru, motarsa na ɗauka shata zuwa Kano. Matata Bilkisu ta rako ni har zaure da jaririya a kafaɗa. Kwananta goma sha tara da haihuwa, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina. Mahaifinta zan kai Legas a yi masa aikin yanar ido. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma dishi-dishi yake gani da shi. Yayanta Sani, da ke aiki a can, shi ya aiko da tikitin jirgi guda biyu, na kujerun gaba da ake kira bizines, saboda gwiwar tsohon ba ta lanƙwasuwa sosai.

"Abu ɗaya na roƙe ka," in ji Bilkisu. "Ka san Baba da ciwon suga, kuma da safe ake yi masa allura. In goma ta wuce bai ci wani abin kirki ba, jikinsa rawa yake kamawa, yana iya faɗuwa. Don Allah ka tabbata ya ci."

Na ce to, kamar an aike ni sayo ashana. Sai da muka kai Kwangila abin ya faɗo mini. Shekara goma sha shida ina auren 'yar mutumin nan, ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa. Da an shigo da kwano, na zame. Ko sunana ba ya kira, Malam yake ce mini. Haka muka tarar ana yi tsakanin suruki da suruki, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba sai ranar.

Shida saura kwata muna Sabon Gari, bayan tsofaffin gidajen reluwe, inda Baba ya yi shekara talatin yana gyaran layin dogo. Mun same shi a shirye, da farar riga da sanda. Inna, matarsa, ta ja ni gefe ta ce an yi allurar, amma kunu kurɓi uku kawai ya yi, wai cikinsa ya ƙi karɓa. Ta miƙa mini kula ɗauke da ƙosai da dankali.

Hanyar Kano

Daga Zariya zuwa Kano wajen kilomita ɗari da sittin ne, jirginmu kuma sha ɗaya da minti ashirin. Baba ya zauna gaba don ya miƙe ƙafa, ni a baya, kular a cinyata. Na shirya dabarata tsaf: mu tsaya a Kwanar Ɗangora, in ce zan sayi katin waya, in ɓace na minti goma sha biyar.

Mun wuce Hunƙuyi shida da rabi, Tashar Yari bakwai saura. Damina ta zauna, masara ta rufe gonaki hagu da dama. A shingen da ke gaba jami'i ya leƙo, ya ga furfurar Baba, ya ce, "Allah ya tsare, Baba," bai ko tambayi takarda ba. Amma kafin Kwanar Ɗangora muka tarar wata tirela ta faɗi ta tare hannu ɗaya. Awa ɗaya da minti arba'in muna jan ciki. Ba damar in fita, don kowane lokaci layin na iya motsawa.

Bitrus ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, in muka tsaya kuma, jirgin nan sai dai ku ɗaga masa hannu."

Na yi ƙarfin hali na miƙa kular gaba. "Baba, ga saƙon Inna."

"Madalla. Ajiye, Malam. Sai an jima."

Bitrus ya sayi gyaɗa ta naira ɗari biyu ta taga, ya ci abarsa shi kaɗai, yana ba Baba labarin tsadar taki. Na ji haushinsa ba gaira ba dalili.

Filin jirgin Kano

Goma da minti biyar muka sauka. Masu tikitin gaba layinsu daban, ba mu yi minti uku ba aka karɓi jaka. Bayan bincike aka nuna mana ɗakin hutu mai sanyi da kujeru masu laushi. A gefe ga tebur shaƙe da shayi, burodi, ƙwai da ayaba. Na ce Alhamdu lillahi a raina. Na zaunar da Baba daf da teburin, na ajiye kular kusa da hannunsa, na ce zan je in kama ruwa. Minti ashirin na yi ina zagaye a waje ina karanta allunan talla.

Da na dawo, kular na nan a rufe, teburin ma ko cokali bai motsa ba.

"Baba, ba ku taɓa komai ba?"

"Na wa ne?" ya tambaya a hankali. "Na ga mutane na ɗiba, amma ban ji mai shi ya ce bismilla ba. Kuma ba zan buɗe kwanona a gaban abincin mutane ba, sai a ce raini ne."

Kafin in gama bayanin cewa kuɗin yana cikin tikiti, aka kira jirginmu. Laifina ne. Na san Baba, ko a gidan ƙaninsa ba ya sa hannu a kwano sai an ce masa bismilla sau biyu.

A sama

Kujeru takwas ne a sashen gaba, bibbiyu, da labule tsakaninmu da sauran fasinjoji. Baba a taga, ni a gefensa. Tun da nake ban taɓa zama kusa da shi haka ba, har ina jin ƙanshin turaren rigarsa. Kujerar faɗi gare ta, amma a takure na zauna, gwiwoyina a haɗe. Da na ɗaura masa bel na ga hannunsa yana rawa, ga gumi a goshinsa alhali sanyi ake. Ma'aikaciyar jirgin ta kawo lemo da ɗan tawul mai ɗumi. Ya karɓi tawul, ya ce lemon a bar shi.

Jirgi ya ɗaga sha ɗaya da rabi. Da ya daidaita aka kawo abinci, dafa-duka da kaza, a farantin tangaran. Baba ya juya fuska wajen taga.

"Alhamdu lillahi, 'yata. A ƙoshe nake."

Na tashi na bi ma'aikaciyar zuwa bakin labule, na tambaye ta ko akwai kujerar da ba kowa a baya. Ta dube ni da mamaki, ta ce ko kujerata ce ta lalace. Na fara kame-kame da Turanci, sai ta leƙa Baba, ta dawo da kallonta kaina, ta yi murmushi ta ce da Hausa, "Surukinka ne?"

Na ce e, kuma mai ciwon suga ne, tun asuba bai ci ba.

"Layi na ashirin da biyu, kujerar tsakiya. Je ka, ka bar ni da shi."

Haka na bar kujerar da Yaya Sani ya kashe wa kuɗi, na je na matse tsakanin wani ɗan kasuwa mai minshari da wata ɗaliba. Aka ba ni ɗan kek da ruwa. Ban iya ci ba, idona na kan labule. A nan na zauna ina tunanin kunyar nan tamu. Ba na raina ta. Ita ta sa shekara goma sha shida ko kallon banza bai taɓa shiga tsakanina da Baba ba. Amma ga shi yau ta kusa kayar da shi a hannuna, kuma duk abin da na iya yi masa shi ne in gudu.

Bayan minti ashirin labulen ya motsa. Ma'aikaciyar ta ɗaga mini faranti daga nesa, ba komai a ciki sai ƙashi. Da na koma, rawar hannun ta tsaya. Ɗaya saura minti biyar muka sauka Legas.

Legas, Talata zuwa Alhamis

A gidan Yaya Sani muka sauka, a Agege. Nan na huta, don ɗa da uba ba ruwansu da wannan kunya. Talata aka yi gwaje-gwaje, suga ya yi daidai. Laraba da hantsi aka yi aikin, bai kai awa ɗaya ba. Likita ya ce an dace, sai dai idon ya ɗan kumbura, don haka a bar bandejin, a buɗe shi ranar Asabar a wurin likitan ido na gida. Baba ya ce shi fa gida zai koma, hayaniyar garin nan ta ishe shi. Ke nan zai yi tafiyar ba ya ganin komai.

Alhamis: komawa

Jirgin sha biyu da rabi ne, amma ruwan sama ya riƙe mu har biyu saura kwata. Tun bakwai na safe Baba ya karya. Ma'aikatan ba na ranar Litinin ba ne, kuma da na tambayi kujerar baya aka ce jirgi a cike yake maƙil. Na ce ba komai, in ya so in tsaya bayan labule.

Aka ajiye masa farantin shinkafa da nama, da kofin shayi. Na kwance bel na miƙe. Na ɗaga labule ke nan na waiwaya, sai na ga hannunsa yana lalube a kan tire. Ya taɓa gefen faranti, ya ture cokali ƙasa, yatsunsa suka nufi shayin da ke tururi. Ban san lokacin da na dawo na riƙe masa wuyan hannu ba. Ban taɓa riƙe shi haka ba. Hannun ba nauyi, tafin kuwa duk kanta, ta aikin ƙarfe.

"Malam ne?"

"Ni ne, Baba. Shayi ne a nan, da zafi."

Na zaci zai ce a ƙoshe yake. Can ya ce, "To. Ni dai ba na ganin kowa. Ina shinkafar take?"

Na sa masa cokalina a hannu, na kai shi bakin farantin. Na yayyanka naman ƙanana. Duk lomar da zai ɗiba sai na ɗan gyara masa hannu. Kaina a sunkuye yake, sai daga baya na lura ba wanda nake ɓoye wa ido. Ya yi loma biyar ko shida ya dakata.

"Ban ji motsin naka ba."

"Zan ci, Baba."

"Yanzu. Bismilla. Na faɗa sau ɗaya, kar ka sa in maimaita."

Na roƙi wani cokali na ci. Ban san ɗanɗanon abincin ba, hawaye nake dannewa. Muna ci ya shiga ba ni labarin zuwansa Legas na farko a jirgin ƙasa, kwana biyu a hanya, da garin kwaki a ƙulle a gefen riga. Ya tambaye ni me nake yi a wurin aikina, ɗakin gwajin irin shuka, wai ya daɗe yana son sani. Muka sauka Kano uku da kwata ban gama ba shi amsa ba.

Gida

Bitrus na jiranmu. Hanya ta yi kyau, shida da minti goma muna Sabon Gari. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Sani, da Bitrus, da baiwar Allah ta jirgin Litinin wadda ko sunanta ban tambaya ba.

Bayan magariba Inna ta shigo da tuwo da miyar kuka. Ina jin ƙarar kwano ƙafafuna suka yi abin da suka saba, na miƙe na nufi ƙofa ina neman takalmi.

"Ina Malam zai je?" in ji Baba.

Inna ta ce, "Ka san shi ai. Bari in zauna in taimaka maka."

"A'a, ke hannunki sauri gare shi. Ƙaro ruwan wanke hannu." Ya juyo da fuskarsa mai bandeji wajen da yake jin motsina, ya daki tabarma kusa da shi. "Zo ka zauna, Malam. Jibi za a buɗe idon nan. Kwana biyu kawai ya rage mana."