Zobe Mai Ƙarfe Uku

Sai da na kai shekara talatin na fara riƙe zarton maƙera. Kafin nan kabu-kabu nake yi a Birnin Konni, har babur ya karya mini ƙafa, wani tsohon Buzu maƙerin azurfa ya karɓe ni a rumfarsa. Zarton nasa ɗan ƙarami ne, ruwansa, wato siririn ƙarfen nan mai haƙora, bai fi zaren ɗinki kauri ba. Ya koya mini in ɗaura shi haƙoran na kallon ƙasa, in ɗame shi har ya yi ƙara idan an taɓa shi da farce, in goga masa kakin zuma. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga kaina, wato kada a danna zarto, a bar shi ya ci da kansa. Ni mai gaggawa ne tun asali, kullum sai na karya biyu ko uku.

Wata rana da kaka maigidan ya tafi Malbaza ta'aziyya, ya bar mini ruwan zarto uku a kwalin ashana. Bayan azahar sai ga amalanken jaki daga Bazaga, kawuna a kai, yayan mahaifiyata. Kunama ta harbe shi a hannu yana roron wake da safe. Yatsansa na tsakiya ya kumbura, zobensa ya nutse cikin nama, kan yatsan ya fara duhu. An gwada sabulu, an gwada man gyaɗa, zobe ko motsi.

"Maigidanka na nan?" in ji kawu.

Na ce, "Ba shi nan, Kawu."

"To kai za ka yanke min shi. Mi kaka jira?"

Abin da ya kamata in ce shi ne mu wuce likita. Amma maƙwabta sun taru, kawu kuma ya ratso gari ya zo wurina don ya ji an ce ɗan ƙanwarsa ya zama maƙeri. Girman kai ya rufe mini baki.

Na cusa wutsiyar cokali ƙarƙashin zoben don in kare fatar, kawu ya cije leɓe. Ruwan farko ya karye tun ban yi nisa ba, don na danna. Na biyu ya shiga da kyau, garin azurfa na zuba, sai na ji sautin ya canja, ya koma ƙiƙi-ƙiƙi. Ashe zarton ya kai ga baƙin ƙarfe. Zoben gado ne na tsari, wanda ake murɗa azurfa da tagulla da baƙin ƙarfe wuri ɗaya. Dauɗa da kumburi sun ɓoye mini, ni kuma ban tambaya ba. Na ƙara ƙarfi, ruwa na biyu ya tsinke.

Saura ɗaya. Wasu masu kallo suka sulale. Na ɗaura shi, na dinga ja a hankali, ina zuba ruwan buta don kada zoben ya yi zafi. Gumi na ta bin gemun kawu. Duk ɗagowar da na yi sai in ga duhun yatsan ya ƙara saukowa. Har aka kira la'asar ina ja.

Da ƙarfen ya rabu na buɗe zoben da awartaki. Muka zuba wa yatsan ido muna jiran jini ya komo. Ƙasansa ya yi ja, samansa bai canja ba. Bayan kwana biyu aka cire masa gaɓa biyu a likita.

Da maigida ya dawo ya juya zoben a tafinsa, sannan ya nuna mini magagarin da ke rataye a saman kaina, ƙarfen nan mai kaushi da ake gurza baƙin ƙarfe da shi. Ya ce, "Wanga da ya gama kahin ka ɗaura na biyu."

Kawu bai taɓa sanin haka ba. Duk sallah idan na je Bazaga sai ya gaya wa mutane ni na cece masa hannu, ya miƙo mini shi mu gaisa, in ji dungulmin yatsan a cikin tafina.